Kalmar da Auta Ta Ba Ni

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Wannan littafin na rubuta lokutan maganin Mama ne. Na juya shi ta baya ina rubutu, don ba mai duba nan.

Jiya da yamma Auta, ƙanwata, ta dawo daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba ta zauna a bakin gadon Mama ta miƙo mini wayarta. Makarantar da ta ba ta gurbin karatu na shekara biyu ce ta rubuto. Wai sun samu amsarta cewa ba za ta zo ba, sun gode, suna mata fatan alheri. Ta ce, "Yaya, karanta mini, ko idona ne." Na karanta mata tun daga farko har ƙarshe. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ne ya fi damuna.

Shekara uku tana neman gurbin nan. A ɗakin gwajin jini na asibiti take aiki, kuma makarantar tana da nisa, tafiyar yini guda ce cur. Ni ma shekara uku ke nan da na ajiye alli na bar aji, tun da ɓarin jikin Mama na dama ya shanye. Mu uku ne a gidan. Ni ke juya Mama, ni ke mata wanka, ni ke gane maganarta in harshen ya yi nauyi.

Auta ta ce ita ba ta aika wata amsa ba. Ta rantse. Na ce mata ai ba sai ta rantse ba.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Auta ba ta ci abinci ba. Ni na ci, har na ƙara.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Tun da gari ya waye tana gaban kwamfuta a teburin falo.

Bari in rubuta yadda abin yake. Bara ne Auta ta liƙa wa burauzar kwamfutar, wato inda ake buɗe shafukan intanet, wata 'yar manhaja mai ajiye kalmomin sirri. Hotonta ɗan makulli ne a kusurwar sama, shi ya sa muke ce mata 'yar makulli. Kalma guda babba za ki sa, sai ta buɗe, daga nan duk shafin da kika shiga ita za ta cike miki suna da kalmar sirri da kanta. Kafin nan a bayan kalanda nake rubuta nawa, Auta tana mini dariya, wai duk baƙon da ya zo duba kwanan wata ya gama da mu. Ta zaunar da ni ta koya mini babbar kalmar, don in riƙa shiga shafin asibiti ina duba ranar ganin likitan Mama. Sau biyar ta sa na maimaita. Nata da na Mama da nawa duk wuri guda suke.

Yau ta juyo ta ce, "Ba wanda ya san kalmar nan sai ni da ke, Yaya. Ke kuwa ko an ɗaura miki shafin makarantar a goshi ba za ki gane inda ake dannawa ba." Ta ɗan yi dariya, ta farko tun Laraba.

Na taya ta dariyar.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ta samu wata mata a ofishin makarantar ta waya. Matar ta ce ba kuskuren inji ba ne. Da sunan Auta da kalmarta aka shiga, ranar Talatar makon jiya, aka danna cewa ba a so, aka sake tambaya ko an tabbata, aka ce an tabbata. Tuni an miƙa gurbin ga na gaba a layi.

Na gaba a layi abokiyar aikinta ce, wadda suke kira Doguwa. Tare suka nema.

Auta ta yi tagumi. Can ta ce, "Yaya, Doguwa ce ta samu." Na ce Allah ya sanya alheri. Ta dube ni kamar na zage ta.

Ina wankin zanen gadon Mama na ji zuciyata ta yi mini wani irin sauƙi, na kuwa san dalilinsa. Na tsaya da hannu cikin kumfa ina jin ƙyamar kaina.

Talata, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin

Ba na son wannan lokacin na Talata.

Ina ba Mama shayi da cokali ta kafe ni da idonta mai lafiya. Ta ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Ke. Ranar nan. Injin Auta." Na ce, "Ranar likitanki na duba, Mama." Haka na ce mata ranar ma. Ta kau da baki daga cokalin. Ban matsa mata ba.

Mutane suna zaton tun da jikinta ya shanye hankalinta ma ya tafi. Da a ce haka ne.

Allah ka yafe mini wannan layin.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Auta ta gama haɗa labarinta. Ta ce 'yar makullin tana kan kwamfutar ɗakin gwaji ma, don ta taɓa buɗe ta a can, kuma akwai ranar da aka kira ta gaggawa ta bar ta a buɗe. Teburin Doguwa yana kusa da nata. Ta ce tun da sakamako ya fito Doguwa take mata wata irin gaisuwa sama-sama.

Na ce, "Auta, zato ba kyau."

Ta ce, "To wa? Aljani?"

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Doguwa ta zo gaida Mama. Ta saba zuwa, ita ce ma ke ɗibar jinin Mama a gida don kada mu wahala da ɗaukar ta. Ta shigo da lemo a leda, ta sunkuya a ƙofa kamar kullum don kada kanta ya bugi katako, ta ce, "Malama, ina gajiya? Ya mai jiki?" Auta ta tashi ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Doguwa ta tsaya da ledar a hannu. Ta rage murya ta ce, "Malama, wallahi ni da na ga saƙon ban ji daɗi ba. Na ɗauka ita ta fasa saboda Mama. Na zo in ce mata in tana so in rubuta musu in bar mata."

Na karɓi lemon na yi godiya. Na raka ta har bakin titi ina ba ta haƙuri a kan halin ƙanwata. Ni. Ina ba ta haƙuri a kan halin Auta.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Ban ce komai ba.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Auta ta fita sayen sabulu, na zauna gaban kwamfutar. Na sa babbar kalmar. Yatsuna sun san ta fiye da yadda nake so. Na yi ta dube-dube har na faɗa wani wuri da ban taɓa shiga ba, ashe 'yar makullin tana rubuta duk lokacin da ta cike wa mutum kalma: wane shafi, wace rana, ƙarfe nawa, a kan wace na'ura. Ga shi nan a jere kamar rajistar aji. Na ga layin. Ba sai na rubuta shi ba.

Na nemi inda ake gogewa. In faɗi gaskiya ko a nan: na nema da gaske, har gumi ya jiƙa mini riga. Da na samu, sai ta ce za ta aika lamba zuwa wayar mai ita. Na rufe kwamfutar da sauri har Mama ta firgita daga ɗaki.

Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa yaran mutane cewa wanda ya yi laifi ya ɗaga hannu, ba za a dake shi ba.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Auta ta rubuta takardar ƙara za ta kai wa shugaban ɗakin gwaji. Ta ba ni in gyara mata rubutu, tun da ni ce malama. Ta rubuta cewa Doguwa ta shiga sirrinta ba da izini ba. A irin aikinsu wannan maganar kora ce, don sirrin marasa lafiya ne a hannunsu.

Na ce ta bari tukuna. Ta ce ta bari har yaushe. Na ce ta bari a duba kwamfutar gida, ko irin ƙwaron nan mai lalata kwamfuta ne ya shiga. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ko na sani. Na kasa buɗe bakina ne, ina neman wanda zai buɗe mini shi.

Ta ce za ta kai takardar yau, kwamfutar kuma a duba ta jibi.

Na gyara mata waƙafi biyu na miƙa mata.

Talata, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin

An dakatar da Doguwa daga taɓa kwamfutar aiki sai an gama bincike.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Mun bar Mama da maƙwabciya muka tafi shagon mai gyara, wanda kowa ke kira Injiniya. Shagon ƙarami ne, warin dalma da ƙurar fanka, kwamfutoci a buɗe ciki a waje kamar an yi musu tiyata. Ya san mu, shi ya sayar wa Auta kwamfutar. Ya ce, "Malama da kanta? Yau shagon nan zai yi albarka." Ya share mini kujera da hularsa.

Auta ta ba shi labari. Ya ce ba ƙwaro ba ne, ƙwaro ba ya zama ya karanta takardar makaranta. Ya ce ta buɗe 'yar makullin. Ta buɗe. Bai yi minti biyu ba ya kai wurin da na gani ranar Lahadi. Ya sa yatsa a kan gilashin kwamfutar yana bin layukan, yana karantawa da ƙarfi kamar mai kiran suna. "Shafin makaranta. Talata. Sha ɗaya da minti ashirin na safe. Daga wannan kwamfutar ce, ba ta asibiti ba. Kin ga sunanta nan, ke kika sa mata: ta gida."

Auta ta ce, "Talata da safe ai ina wurin aiki."

Ya ce, "To wa ke gida?"

Sai ya ɗago kai ya dube ni, ya mai da idonsa kan teburi da sauri, ya ɗauki wani ƙaramin sukundireba ya shiga jujjuya shi. Bawan Allah, shi ya ji kunyar da ya kamata in ji a fili. Ya ce, "Wani lokaci agogon inji kan yi kuskure."

Auta ta rufe kwamfutar ta sa a jaka. Ta yi masa godiya. Muka fito. Tana gaba ina baya, tun daga shagon har gida, muka wuce masu kayan miya da wurin wankin mota da makarantar da na koyar. A ƙofar gida ta tsaya ta buɗe, ta matsa gefe don in fara shiga, kamar yadda ta saba yi mini tun tana ƙarama. Da ta mare ni da ya fi.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Ta yi wa Mama wanka ita kaɗai kafin in tashi. Ba ta iya juya ta ba sosai, na ji Mama tana nishi. Ban shiga ba.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Tun farkon littafin nan nake kewaye-kewaye. Bari in rubuta.

Ni ce. Ranar Talatar Mama ta ɓata gado sau biyu kafin hantsi, bayana ya riƙe wajen ɗaga ta, na zauna a ƙasa na kasa tashi. Da na tashi na buɗe kwamfutar don in duba ranar likita. Shafin makarantar yana nan a sama inda Auta ta bar shi. Na danna. 'Yar makullin ta cike komai, ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. Na ga an rubuta shekara biyu. Na ga wurin karɓa da wurin ƙi. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na tabbata.

Ba kuskure ba ne. Ba shaiɗan ba ne, kada in ɗora masa. Na karanta da kyau, ni da nake koyar da karatu.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na same ta a bayan gida tana shanya. Na ce, "Auta, ni ce." Ta ce, "Na sani." Ba ta daina matse zanen ba.

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba wannan ba tukuna. Ta ce, "Yaya, abu ɗaya nake so in ji. Me ya hana ki ce mini kar in tafi? Wallahi da kin buɗe baki kin ce, Auta ba zan iya ni kaɗai ba, da ban tafi ba."

Na ce, "Shi ya sa ban ce ba."

Ta tsaya. Na ce da na roƙe ta da ta zauna, kuma kullum in ta dube ni za ta ga wadda ta tare mata hanya. Na so ta zauna ba tare da ta san ni na zaunar da ita ba. Ban taɓa jin magana mai muni haka ta fito daga bakina ba, amma ita ce gaskiyar.

Ta zauna a kan bokitin da ta kife. Ta ce, "Kullum in na tambaye ki ya gida, sai ki ce lafiya lau. Shekara uku lafiya lau. Ni kuma na ji daɗin yarda, don ya fi mini sauƙi." Ta share fuska da bayan hannu. Ta ce, "Wannan laifin nawa ne. Amma Doguwa fa? Kina tsaye na kai ƙarar yarinyar mutane. Har waƙafi kika gyara mini."

A nan ne ta yi kuka. Ba a kan karatun ba.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na je asibitin da ƙafata. Auta ta ce ba za ta raka ni ciki ba, ta nuna mini ƙofa kawai.

Shugaban ɗakin gwajin dattijo ne mai gilashi a kan hanci. Na roƙi a kira Doguwa. Ta shigo da farar rigar aiki, ta ga ni ce, ta ce, "Malama, jikin Mama ne?" Na ce a'a. Na faɗi komai a tsaye, yadda na rubuta shi a nan ranar Juma'a, ban rage ba. Injin da ke juya kwalaben jini yana ta ƙara a bayana, sai da na ɗaga murya, har wasu ma'aikata biyu suka ji.

Dattijon ya cire gilashinsa ya ce za a janye takardar yau. Ni da Doguwa muka fito baranda. Ta ce, "Kwana shida ba mai ba ni ko biro a ɗakin nan. Ranar da na kawo lemo kin sani?" Na ce na sani. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To, Malama." Ta koma ciki.

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma ga dalilin da zai sa ta ce ba.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Na rubuta wa makarantar wasiƙa da sunana, na sa hannu. Auta ta ɗauki hotonta ta aika, ba ta karanta a gabana ba.

Ta canza babbar kalmar. Ta buɗe mini tawa 'yar makullin daban, shafin asibitin Mama ne kaɗai a ciki. Ta ce in zaɓi kalmar da kaina, ta juya baya har na gama.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Wata ce daban ta zo ɗibar jinin Mama. Sai da ta soka sau uku kafin ta samu jijiya. Mama ta dube ni. Na riƙe mata hannu na sunkuyar da kai.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Amsa ta zo. Gurbin bana ya tafi, na Doguwa ne, kuma Auta ta ce ko an ba ta ba za ta karɓa daga hannunta ba. Amma sun ce ta sake nema a zagaye na gaba, wata takwas nan gaba, za su duba da abin da ya faru. Ba su yi alkawari ba.

Ta kira Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, a gabana, ta ce, "Gwaggo, Yaya ta gaji, ba za ta faɗa ba ne." Na so in ƙwace wayar. Gwaggo ta ce me ya hana a gaya mata tuntuni, ita da take zaune ba ta aikin komai sai faɗa da jikoki. Za ta riƙa zuwa kwana uku a mako. Ban san ko zai ɗore ba. Gwaggo ce.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Wata takwas ɗin sun cika, yau Auta ta cike sabuwar takardar neman. Ta ce in zo in zauna kusa da ita. Na ce ba sai na zauna ba. Ta ce, "Zauna, Yaya. Wannan karon da idonki za a yi."

Na zauna. Da za ta sa kalmarta ta ɗan karkata kwamfutar gefe, ni ma na kalli bango. Ta yi ta cikewa, Mama tana jin mu daga ɗaki. Can ƙasa aka tambayi wanda za a kira in wani abu ya same ta a can. Hannunta ya tsaya a kan madannan. Sai ta rubuta sunana, ta rubuta lambata, a wurin dangantaka ta sa yaya. Ba ta dube ni ba.

Ta kai kibiyar kan wurin aikawa ta ce, "Akwai abin da za ki ce?"

Bakina ya yi nauyi kamar na Mama. Na ce, "Ina jin tsoro, Auta. In kin tafi ban san yadda zan yi ba."

Ta ce, "To. Yanzu na ji."

Na ce, "Aika."

Ta aika.